Shekarar Da Na Dafa Ƙanƙara

Sanyi ya sauko Guangzhou a makon nan, irin mai zuwa da yayyafi, wanda ba ya jiƙa mutum sharkaf amma ya bi ta cikin riga ya sami ƙashi. Jiya na raka wasu baƙi 'yan Kano kasuwar Shahe, inda ake sarin tufafi, sai ga su suna rawar ɗari suna taya rigunan sanyi da ba sa cikin abin da ya kawo su. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya daɗe da sanina, ya dafa kafaɗata ya ce wa sauran, "Ku dubi mutumin nan da kyau. Alhaji Nasiru ke nan, wanda ya je ƙarshen duniya inda rana ba ta faɗuwa. Shi wannan sanyin ai fanka ce a wurinsa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai dai duk ranar da aka yi mini wannan kirari nakan koma gida jikina a sanyaye, domin a gidanmu ba ni ne na sha sanyin waccan shekarar ba.

Shekarar ita ce wadda ƙasar Sin ke shirin karɓar wasannin Olamfik. A lokacin ni ɗalibi ne a wata jami'a a garin, ina karatun injuna, ranakun hutu kuma in yi wa 'yan kasuwa tafinta. Muna zaune a unguwar Panyu ni da matata Rukayya, ciki da falo a can saman bene, a gidan da babu wani Bahaushe sai mu. Bai fi shekara da na ɗauko ta daga Kano ba. Sinancinta bai wuce gaisuwa da godiya da "meyo", wato babu. Kuma tana ɗauke da ciki, na fari.

Malaminmu ya ƙera wani injin haƙa ƙanƙara da za a gwada a Antaktika, can ƙurewar kudancin duniya. Ɗalibin da aka zaɓa ya bi injin ya faɗi a babur ya karye, sai aka ce ni. Na zauna na yi lissafi irin na wanda ransa ya riga ya tafi: za mu dawo kafin sabuwar shekarar Sinawa, haihuwa kuwa sai kusan wata guda bayan nan, ga shi ana nema wa mahaifiyar Rukayya biza ta zo ta zauna da ita. Da na kawo mata maganar, ta daɗe tana ninke kaya kafin ta ce, "Ka je mana. Irin wannan ba ya zuwa sau biyu."

"In sha Allahu ina nan kafin lokacin," na ce.

"Allah ya yarda."

"Lokacin" muke ce masa. Daga ni har ita babu wanda ya taɓa buɗe baki ya kira abin da sunansa, don cikin fari ne, kuma haka muka tashi muka ga ana yi. Wannan kunyar ce na ƙunsa na tafi da ita har ƙarshen duniya. Ban faɗa wa malamina ba, ban faɗa wa kowa a ayarin ba. A ganina namiji ba ya tsayawa gaban mutane yana shelar matarsa na da ciki.

Sansaninmu tantuna ne 'yan ƙalilan a tsakiyar wani fili fari fat, ba dutse, ba ciyawa, ba ko tsuntsu. Wani ƙaramin jirgi da aka ɗaura wa alluna masu sulɓi a madadin taya ya sauke mu ya juya, ƙararsa ta ɓace, sai shiru irin wanda ke sa mutum ya ji bugun zuciyarsa. Mu shida ne. Shugabanmu wani dattijo ne, Lao Chen, wanda ya sha zuwa, leɓensa duk tabon sanyi, maganarsa gajera. Abokin tantina kuwa Peng, sa'ana, mai surutu kamar rediyon mai shayi.

Rana ba ta faɗuwa, gaskiya ne. Zagaya mu kawai take yi. Na bar agogona a kan lokacin Guangzhou, da shi nake salla, ina jin daɗin cewa duk sanda na tayar da kabbara Rukayya ma tana kan dardumarta. Babbar Salla a can ta same ni, na yi ta da kifin gwangwani da yajin da ta daka mini ta cusa a jaka. Sinawan nan suka ɗanɗana yajin, daga ranar na zama abin lallaɓawa.

Bayan kula da injin, kowa yana da aikin gida. Nawa shi ne ruwa. A can ruwa ba ya zuwa da kansa, dafa shi ake yi. Da safe in ɗauki zarto in je gefen da aka kafa tuta, inda aka hana kowa takawa, in yanko ƙanƙara kamar tubali, in jawo a kan allo zuwa tantin girki. Sai a zuba ɗan ruwan jiya a gindin tukunya tukuna, in ba haka ba tukunyar ta ƙone ruwan ya yi ƙauri. Wa zai yarda ƙanƙara tana ƙauri? Ka cika tukunya taf, ta narke ta koma rubu'i, ka ƙara, ka ƙara, har ka cika fulas ɗin kowa. Saboda haka ni na fi kowa kusa da wuta. Alwalata ma da ruwan ɗumi nake yi.

Ci kuwa ba a magana. Lao Chen ya ce a ƙasar nan wanda bai ci ba shi ne sanyi ke fara kayarwa, don haka dole ne. Shinkafa, taliya, naman sa na gwangwani, bota a cikin komai har shayi, cakulan a kowane aljihu. Ya ware mini tukunyata da cokalina daban saboda naman alade, bai taɓa bari wani ya taɓa su ba. Tun da nake ban taɓa samun kula irin wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin zaman. Injin yana aiki, muna fito da ƙanƙarar da ta girmi kakannin kakanninmu, ni ɗan Ƙofar Mata ina cikin masu fito da ita.

Waya guda ce a sansanin, ta satalayit, kowa yana samun 'yan mintuna ranar Lahadi. Mu kuwa rabin mintunan a gaisuwa suke tafiya. A ɗaya daga cikin kiran ne ta gaya mini bizar Mama ba ta fito ba, an ce komai ya tsananta saboda wasannin da ke tafe. Amma ta ce kada in damu, akwai wata Hajiya Mariama 'yar Maraɗi da ta zo sarin kaya, sun haɗu a masallaci, tana leƙo ta. Ta kuma ce an yi sanyi a gari. Na yi dariya na ce, "Sanyin Guangzhou? Ki zo nan ki ga sanyi." Ita ma ta yi 'yar dariya.

Lahadin ƙarshe kafin iska ta taso, mun gama aiki, mun fara ɗaure kaya, jirgi zai zo cikin makon. Raina fes. Na kira, aka daɗe ba a ɗauka ba.

"Yaya jikin?" na ce.

"Da sauƙi."

"Ba wata matsala dai?"

Ta yi shiru, na ɗauka jinkirin wayar ne. "Alhamdu lillahi," ta ce.

Sai na ɓalle da labari. Na gaya mata yadda a ranar rana ta yi zobe da wasu ƙananan ranaku biyu a gefenta, yadda Peng ya watsa ruwan zafi sama ya koma gari kafin ya sauko, yadda gashin bakin Lao Chen ya daskare da miya. Ina faɗa ina ƙyaƙyatawa. Ita dai "uhm" take cewa, wani lokaci in ji numfashinta ya yi nauyi. Lao Chen ya nuna mini agogo, na ce ta gaida Hajiya, na kashe.

Washegari sararin ya fara canza launi, ya koma kamar madarar da aka tsinka da ruwa. Lao Chen ya daɗe yana kallon kudu, sai ya ce a bar ɗaurin kaya a ƙara wa tantuna turaku. Muka ja igiya daga kowane tanti zuwa na girki da na ban-ɗaki, muka gina katangar ƙanƙara ta ɓangaren iska. Ni na yi ta yanko tubali ina jibgewa a bakin ƙofar girki har kafaɗata ta ƙage. Kafin la'asar ɗin agogona iska ta iso.

Ban san yadda zan kwatanta ta ga wanda bai ji ba. Ba ta kaɗawa ta huta, tafe take kawai, tantin yana bugawa kamar ana dukan tabarma da sanda, ba dare ba rana. In ka leƙa waje ba ka ganin hannunka. Babu sama babu ƙasa, fari ne kawai yana gudu. Doka ta farko ita ce kada ka saki igiya, ko da hularka ce ta tashi, domin taku kaɗan daga tanti ya isa mutum ya ɓace har abada.

Zamanmu ya koma iri ɗaya kullum. Ka farka a cikin buhun barci, numfashinka na jiya ya daskare a rufin tanti, kana motsi ya zubo maka a fuska. Ka laluba safarka da batir da man goge baki, waɗanda ka kwana da su a jikinka don kada su sandare. Ni da Peng mu yi caccanka a kan wanda zai fara fita da shebur ya tone ƙofa, don kullum a binne take wayar gari. Daga nan mu bi igiya da rarrafe zuwa tantin girki, in kunna risho, in ɗora tukunya. A sha shayi, a ci, a tone tantuna kada nauyi ya karya su, a dawo a sake ci. Sai karta. Sai barci. Safa da safar hannu a rataye a saman risho suna ɗiga, warin kananzir da na mutum shida da suka manta da wanka ya cika wurin, har ka daina jin sa.

Ƙanƙara ta binne janareta tun a rana ta biyu, faifan hasken rana ma haka. Lao Chen ya ɗauki wayar ya saka a cikin rigarsa ya ce daga yau babu kiran gida. Sau ɗaya a rana zai kunna ta ya yi magana da babban sansani na bakin teku, ya ce muna raye, ya ji labarin jirgi, ya kashe. "Sai fa in da larura," ya ce, yana bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Akwai mai larura a gida?"

Kowa ya girgiza kai. Ni ma na girgiza. Me zan ce? Matata na da ciki? Ai ba ciwo ba ne, kuma da sauran lokaci.

Amma kwanaki suka yi ta tafiya, lissafina yana zagwanyewa. Kullum amsar ɗaya ce, jirgi ba zai iya tashi ba. Har na haddace ta a bakin Lao Chen: "Meyo." Ranar da ya kamata mu bar wurin ta wuce, wadda ya kamata mu hau jirgin ruwa ma ta wuce. Daga babban sansani kuma aka fara ba mu labarin gida guntu-guntu, wai kudancin Sin ya shiga sanyin da tsofaffi ma ba su tuna irinsa ba, hanyoyi sun daskare, jiragen ƙasa sun tsaya, mutane sun yi dafifi a tashar Guangzhou suna kwana a cikin ruwan sama. Peng ya daina surutu, don iyayensa a can suke aiki kuma lokacin tafiyarsu ƙauye bikin sabuwar shekara ne. Shi yana faɗin damuwarsa, ana ba shi baki. Ni ina gefe ina juya tukunya.

Na san gidanmu. Gidajen Guangzhou don zafi aka gina su, tayil a ƙasa, taga ba ta rufuwa ruf, babu abin ɗumama ɗaki. Bargonmu guda ne, shi ma marar kauri. Rigar sanyin kirki ɗaya ce a gidan, kuma tana jikina, a ƙarƙashin wasu biyu da aka ba ni. Sai in zauna gaban risho tururi yana dukan fuskata, cikina a cike, ƙafata cikin safa uku, in ji kamar na saci wani abu. Na fara rage cin abinci, Lao Chen ya lura, ya tsaya a kaina sai da na cinye. Haushin kaina ya ishe ni, haushin botar ma nake ji.

Wata rana da hantsi muna zaune ana karta, Lao Chen ya kunna waya kamar kullum. Ya saurara, ya ce "eh", ya sake saurarawa, sai na ga ya ɗago ya zuba mini ido. Ya sa aka maimaita masa. Ya kashe wayar ya riƙe ta a hannu.

"Nasi," ya ce, don haka suke kirana. "Kana da mata mai ciki?"

Na sunkuyar da kai.

"An bugo jami'a, jami'a ta bugo bakin teku. Saƙon ya kwashe kwanaki yana yawo, don ba wanda ya yarda namu Nasi ake nufi. Matarka ta haihu. Mace."

Tantin ya kaure da ihu. Peng ya rungume ni har muka kusa kifar da tukunya. Lao Chen kaɗai bai yi dariya ba. "Na tambaye ku," ya ce. "Na dubi idonka na tambaya. Kai wane irin mutum ne?" Na fara yi masa bayanin cewa a wurinmu ba a faɗa, musamman na fari. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To ita wa ta faɗa wa?" Ya ciro batir na ajiya daga aljihun ƙirjinsa, wanda ya hana kowa ko kallo, ya saka, ya miƙo mini.

Ba Rukayya ce ta ɗauka ba. Wata murya ce babba, mai kaushi.

"Alo? Wane na?"

"Nasiru ne, mijin Rukayya. Hajiya ce? Ina wuni?"

"A'a, mai gidan ƙanƙara! Lahiya lau. To barka, ka samu ɗiya. Bon, ba ni da lokacin gaisuwa, an ce wayag ga tsada gare ta. Suna ya wuce jiya."

"Jiya?"

"Jiya. Mun jira ka har mun gaji. 'Yan Kano da mutanenmu na Maraɗi sun haɗu sun yanka rago, liman ya yi huɗuba. An tambaye ta suna, ta ce a sa na uwarka."

Iska tana ta dukan tanti, mutum biyar suna kallon bakina.

"Kana ji na? Ɗiyar ta zo da wuri, 'yar mitsitsiya, amma tana shan nono. Uwar ce ta wahala. Ran Lahadin da ka kira kana ba ta labarin rana mai zobe, ka san inda take? Tana durƙushe riƙe da ƙahwar gado, tun asuba take naƙuda, ita kaɗai. Allah ne ya kawo ni da marece na iske ta. Taksi meyo, duk gari ya tsaya. Tsohuwar nan mai gidan da kuke haya ce ta samo muna motar ɗanta."

"Hajiya, ba ta faɗa mini ba."

"Ta hwaɗa maka ta ce mi? Ɗiyar mutane mai kunya. Kai da kake namiji ba ka da kunne?"

Na tambayi yadda suke yi da sanyi. Ta ce sun zagaye kasuwa neman abin ɗumama ɗaki, kowane mai shago ya ce ya ƙare. Wankan jego kuwa da butar shayi ta lantarki take dafa ruwan, buta bayan buta, kafin ta ƙarshe ta tafasa ta farko ta huce. Tsohuwar mai gida ta kawo ɓawon citta ta ce a zuba a ciki, haka su ma suke yi wa masu jegonsu. Kayan jaririya ba sa bushewa, sai dai a bi su da dutsen guga. Ita Hajiya kayanta suna can a jibge, masana'antu sun rufe, kwantena ba ta tashi ba, ta ce Allah ne ya tsare ta don wannan yarinya. Na ce ta ba ni Rukayya. Na ji ana ƙus-ƙus, sannan Hajiya ta dawo. "Ta ce a gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe kunnuwanka. Ba za ta iya magana gabana ba, ka sani." Wayar ta yi ƙara ta mutu.

Ranar Sinawan nan suka yi mini biki. A al'adarsu in an yi haihuwa ana raba jan ƙwai, to akwai 'yan ƙwai da suka daskare a akwati, Peng ya sa na dafa su, ya shafe su da jan man barkono. Aka fito da gwangwanin lemo da aka ɓoye don ranar tafiya, aka fasa cakulan. Kowa ya zo ya riƙe hannuna ya ce na zama uba. Mutanen kirki, wallahi. Ni kuwa ina zaune a tsakiyarsu da jan ƙwai a hannu, ga babbar tukunyata tana tafasa a gefe, ruwan da zai ishi mai jego wanka har ya yi saura. Na ci ƙwan don kada su ji ba daɗi. Ban taɓa haɗiye abu mai nauyinsa ba.

Iskar ba ta tsaya don an yi mini haihuwa ba. Ta ƙara kwanaki tana abinta, na ci gaba da tone ƙofa da dafa ƙanƙara, don ko me ke cin ran mutum sai an sha ruwa. Lao Chen ya daina yi mini faɗa, amma kullum in ya gama magana da bakin teku sai ya ce su buga Panyu su ji lafiya, washegari ya kawo mini amsa a taƙaice. Peng ma ya sami labarin iyayensa sun haƙura da tafiya sun koma ɗakinsu lafiya. Ranar da iska ta faɗi, shirun ne ya tashe mu. Muka fito muka tarar tantuna sun nutse har wuya, muka yi wuni biyu muna tono da share wa jirgi wurin sauka. Daga nan bakin teku, daga nan jiran jirgin ruwa, daga nan teku mai tsawo. Kafin in taka Guangzhou ana shirin arba'in.

Na iso da rana tsaka. Sanyin ya tafi, itatuwan bakin titi sun yi fure, mutane suna yawo da riga ɗaya kamar ba a yi komai ba. Na hau benen da jakata. Hajiya Mariama ce ta buɗe ƙofa, doguwar mace baƙa, ta ɗaura zane a ƙirji, hannunta duk kumfa. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Wanga shi ne wanda ya sha wahala? Rukayya, zo ki ga mijinki, an yi mishi kiwo! Ji kumatu!"

Ta shiga ta fito da jaririyar a naɗe, ta ɗora mini a hannu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta buɗe ido ta dube ni, ta yamutsa fuska ta fashe da kuka. "Ba ta san ka ba," in ji Hajiya, ta karɓe ta. "Taho Ummi, mu ba su wuri." Ta goya ta ta sauka wurin tsohuwar mai gida.

Rukayya ta fito daga kicin da tire. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi mutanen da muka je tare, duk idonta a ƙasa. Da ta miƙo hannu za ta zuba mini abinci sai na ga yatsunta. Sun kumbura sun yi baƙi, gaɓoɓin duk sun tsage, wasu sun warke wasu da saura. Na dubi nawa hannun da ke kan gwiwata, sumul, ko ƙwarzane babu. Ta lura da inda nake kallo, ta ja gefen mayafi ta rufe.

"Wankin ruwan sanyi ne," ta ce. "Ya kusa warkewa."

Na daɗe ina juya cokali a cikin shinkafar. Duk jawabin da na shirya a cikin jirgin ruwa ya gudu.

"Rukayya, ranar nan da na kira. Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta gyara zaman tiren. Daga ƙasa ana jin Hajiya da tsohuwar suna yi wa Ummi wasa, kowacce da yarenta.

"Na so in faɗa," ta ce. "Ina jira ka sake tambaya sau ɗaya, da na faɗa. Sai na ji kana dariya. Tun da muka zo ƙasar nan ban taɓa jin ka yi irinta ba."

Ta tura mini kwanon miya kusa.

"Ci, kada ya huce."